Kifin Shafi na Talatin da Uku

"Ko kwana za ki yi a nan, Raili, ba zan faɗa miki ba."

Veikko ke nan, direban motar littattafai. Ko kallona bai yi ba, yana ta wuce da littattafan da na mayar ta gaban na'urarsa, tana ƙara ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na tsaya masa a ka da jakar Aune a hannu, takalmana duk taɓo, na riga na ɓata masa shimfiɗar bakin ƙofa. Na ce masa matar nan fa tafiya za ta yi, likita ma ya ce da wuya ta ga zubar dusar ƙanƙara ta farko. Ya ce ya sani, shi ma abin yana cin ransa, amma abin da mutum ya ara a laburare sirrinsa ne, ko ɗan sanda sai ya zo da takarda. Na ce to ni ba 'yar sanda ba ce, kukun makaranta ce mai ritaya, kuma da hannun nan na yi shekara shida ina zuba masa kunu yana jan majina a kai. Ya ce yana tune da kunun sarai, kuma har yau bai yafe ba.

Bari in koma baya kaɗan, kada in bar ku tsaye a bakin titi.

Aune Rissanen maƙwabciyata ce. Shekara talatin da shida shingen katako ɗaya ne tsakanin gidana da nata. Shekarunta tamanin da huɗu a lokacin. A farkon Satumba aka sallamo ta daga asibitin gari, ciwon daji ya gama da cikinta, ta ce ita a kan gadonta za ta ƙarasa. Nas tana zuwa safe da rana ta yi mata allurar rage zafi, 'yarta Marjatta tana tasowa daga babban birninmu Helsinki duk ƙarshen mako, sauran kwanakin kuwa ni ce.

Tun da na san matar nan ban taɓa ganin aljihun rigar girkinta babu littafi ba. Tana da shekara goma sha uku ubanta ya cire ta daga makaranta, wai shanu ba sa tatsar kansu. Ta ba ni labari da bakinta cewa tsofaffin jaridun da aka manna a bangon ɗakin shanu don tare iska, ta karance su tas, har waɗanda aka liƙa a kife, tana tatsa tana karkata wuya. Ta auri Eino mai saran itace, mutumin kirki, wanda ya sha kawo mini ƙara ta kan shinge cewa duk ƙauyen nan babu wanda ya kai shi cin ƙonannen dankali. Ba ta taɓa fita ƙasar nan ba, ko jirgin sama ba ta taɓa hawa ba, amma ki ambaci gari a bayan duniya, sai ta gaya miki abin da suke karya kumallo da shi. Ni kuwa, in ban da shafin mutuwa a jarida da takardar koyon saƙa, ba na karanta komai, kuma ban ga abin da ya rage ni da shi ba.

To, tsofaffinmu masu aro a motar nan ta ranar Alhamis, kowa da alamarsa. Mutum ya karanta littafi dubu, ina zai tuna wanda ya wuce? Sai ya zaɓi shafi ɗaya ya riƙa sa 'yar alama da fensir. In ya ɗauko littafi ya leƙa shafinsa ya ga alamar, ya mayar. Laburare ba ta so, amma ta kau da kai. Ita Aune lambar shafi na talatin da uku take zagayewa. Shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, ta buɗe shafinta za ta yi ɗan zobenta, sai ta tarar wani ya riga ta wurin: ɗan kifi da bai fi ƙwayar shinkafa ba, da ɗigo uku a gefensa. Littafin kuwa ya yi mata daɗi har madara ta tafasa ta zube ba ta sani ba. Bayan mako biyu ta sake cin karo da kifin a wani littafin, wannan karon da ɗigo ɗaya, kuma littafin shirme ne zalla. Nan ta gane. Ita ma ta fara sa ɗigo a gefen zobenta. Ba a daɗe ba ta lura cewa duk wanda ta ba ɗigo uku, in ta sake leƙawa bayan wata guda, kifi ya biyo ta.

Iyakar abin ke nan fa. Babu suna, babu kalma ko ɗaya, don rubuta magana a littafin jama'a abin kunya ne a wurinsu. Wani lokaci har faɗa suke yi. Ita ta sa uku, kifi ya sa ɗaya, sai ta wuni tana huci, ta zo bakin shinge tana gaya mini wai mutumin nan ba shi da zuciya a ƙirji. Ni kuma in ce mata ta yi haƙuri, haka samari suke. Eino ma ya san da zancen, yakan ce in dai mai kifin zai zo ya taya shi faskare, shi ya yarda a raba.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi shekaru ina jin haushin kifin nan. Ni na tuƙa ta zuwa asibiti ranar da Eino ya faɗi a daji. Ni ke kwashe mata dusar ƙanƙara a ƙofa tun da gwiwarta ta lalace. Amma duk ranar da kika ga fuskarta ta washe kamar an yi mata albishir, to shafi na talatin da uku ta buɗe, ba ni ta gani ba.

Ranar Talatar makon da nake ba ku labari, ina shafa mata mai a ƙafa, sai ta ce, "Raili, ina so in san ko wane ne."

Na ce shekara arba'in ba ta tambaya ba sai yanzu? Ta ce da tsoro take ji kada ya zama wani da ta sani kuma ba ta so, kamar mai gyaran famfon nan da ke tofa yawu a gaban mutane.

"Yanzu kuwa tsoron daban ne," in ji ta. "Zai yi ta buɗe shafin nan bai gan ni ba. Zai ɗauka gajiya na yi da shi na tafi ba sallama."

Abin da ya kai ni gaban Veikko ke nan ina tuna masa da kunu. Da ya gama da na'urarsa, ya dubi agogo, sai ya yi magana da gilashin gaba, ba da ni ba. Ya ce motar nan ta jama'a ce, kuma shi bai san wata doka da ta hana mutum zama a kujerar baya daga tashar farko har ta ƙarshe ba. Sannan ya ɗauki littafin ƙarshe da Aune ta iya gamawa, wani mai koren bango wanda ta ba ɗigo uku, ya kafa shi a kantar tsakiya yana kallon ƙofa. Na koma gida da gudu-gudu na ɗauko kofi a fulas, na gaya wa Aune na tafi farauta, na dawo na zauna.

Tasha goma sha ɗaya ce, ana zagaya tabkin. Ranar na ga abin da ban taɓa kula da shi ba: kowace tsohuwa ta shigo, kafin ta duba sunan littafi ma, sai ta lashi yatsa ta nufi shafinta. Wannan na bakwai, waccan na ɗari, wata bangon baya. Ni kuwa na riga na zana mutumina a rai: tsoho ne, mai tabarau, mai tsabtar farce, wanda matarsa ta daɗe da rasuwa. A tasha ta huɗu sai ga shi kamar na yi odarsa, tsohon malamin makaranta da sandarsa. Ya ɗauki koren littafin. Na lallaɓa na leƙa ta kafaɗarsa har ya ji numfashina a wuya. Shafi na goma ya buɗe. Ya juyo ya tambaye ni ko lafiya, na ce wani zare na gani a rigarsa. Veikko ya yi wani tari da ba tari ba ne.

Tasha ta ƙarshe ba gari ba ce. Bakin wata hanya ce ta motocin katako, babu gida a kusa, sai akwatunan wasiƙa uku a kan turke. Ƙarfe huɗu saura, na riga na fid da rai, ina rufe fulas ɗina ina shirya abin da zan gaya wa Aune. Wani ƙato ya sauko daga motar ɗaukar kaya, da kayan aiki masu ruwan lemo a jikinsa, warin man gas da ƙaron itace ya riga shi shigowa. Ban ma ɗaga kai sosai ba. Bai wuce shekara hamsin da biyar ba, lokacin da kifi ya fara fitowa ai yaro ne. Ya gyaɗa wa Veikko kai, Veikko ya gyaɗa masa, gaisuwarsu ke nan. Sai na ga ya goge hannuwansa a cinya sau biyu, ya ɗauki koren, ya sa babban yatsa ya buɗe kai tsaye, ba lalube. Ya daɗe yana kallon zoben Aune a shafin.

"Hannunta na rawa," ya ce, can ƙasa-ƙasa.

Na miƙe har murfin fulas ya faɗi ya gangara. Na ce, "Kai ne mai kifi?"

Mutumin nan ya yi ja har kunnuwa, kamar na kama shi da hannu a tukunya.

A waje muka yi maganar, kusa da akwatunan wasiƙa, kuma sai da na riƙa jawo ta daga bakinsa kalma-kalma. Sunansa Tapio Heikura, direban injin sare itace ne, bai taɓa aure ba. Uwarsa Impi ita ce mai kifin. Mijinta masunci ne a tabkin, shi ya sa ta zaɓi kifi. Shekara goma sha shida da suka wuce idonta ya mutu. Shi kuwa, wanda tun da ya bar makaranta bai buɗe littafi ba sai na gyaran inji, ya koma karanta mata kullum bayan abincin yamma, yana tuntuɓe a kan kalmomi tana gyara masa. In sun gama ta faɗi ɗigo nawa, shi ya zana. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarta. Wata uku bai leƙo motar ba. Ranar da ya zo mayar da littafin da ya rage a gidan, ya buɗe wani a kanta haka kawai, ya ga zobe da ɗigo uku, babu komai a gefensa.

"Sai na ga kamar an bar mutum tsaye a bakin ƙofa," ya ce. "Na ara. Daga nan ban iya dainawa ba."

Na gaya masa halin da ake ciki, da kwanakin da suka rage, da abin da Aune take so. Ya girgiza kai.

"Shekara goma sha ɗaya ina yi mata ƙarya da hannun uwata. In je in ce mata ƙawarta ta daɗe a ƙasa, wanda take bi ɗin nan ni ne? A bar ta ta tafi da abin da ta sani."

Ya shiga motarsa da koren littafin a ƙarƙashin hammata, ya tafi. Veikko ya sauke ni a ƙofar gida.

Na tarar da Aune a zaune, an tokare ta da matashi biyu. Ashe ta sa nas ta taje mata kai kafin ta tafi. Tana ganina ta karanci hannuwana, ta karanci ƙofar da ke bayana, sannan fuskata. Na ɗauki tsumma na fara goge teburin gefen gado, na ce mata yau dai bai zo ba, wataƙila mako mai zuwa. Ta ce to. Ta zame a hankali ta juya fuskarta bango. Miyar kifin da na ɗumama mata ko cokali ɗaya ba ta sha ba. Ranar Juma'a ma haka, ko tabarau ba ta nema ba.

Na gaya wa kaina tausayi ne ya sa na yi ƙaryar, kuma rabi gaskiya ne. Ɗaya rabin sai da na kwana biyu kafin na yarda da shi. A can ƙasan raina na ji daɗi da babu wani mai kifi da zai shigo ya zauna a kujerar da nake zama. Kunya ta kama ni a cikin kicin ɗina, ni kaɗai, har na kasa shanye kofina. Mace tana mutuwa da baƙin ciki a bayan shingena, ni kuma ina gadin kujera.

Asabar da safe Marjatta ta iso, na damƙa mata uwarta, na tada motata. Da tambaya na gano gidansu, na same shi a baya yana faskare, ya tara itacen da zai ishi hunturu uku. Ban ko gaishe shi ba. Na ce masa ni ban san komai a kan littafi ba, amma na san mace mai jiran baƙo, kuma wannan har kai ta sa aka taje mata. Na ce uwarsa ta koya masa karatu amma ta manta da ladabi. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita ba. Shi dai yana tsaye da gatari a hannu yana kallon takalminsa. Na ce gobe ƙarfe biyu, bayan allurar rana, lokacin ne take da ɗan ƙarfi, gida mai jan fenti bayan gada. In bai zo ba zan faɗa mata komai da kaina, kuma kowa ya san ni ba na iya faɗin magana da taushi. Har na shiga mota na sauke gilashi na ce ya kuma yi wanka.

Lahadi da safe na zauna a bakin gadonta na ce, "Aune, ƙarya na yi miki. Na samu. Wataƙila ya zo yau."

Ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Na sani. In kina ƙarya sai ki yi ta goge abin da ba shi da datti." Can kuma ta ce in miƙo mata mataji.

Ƙarfe biyu ta yi, ta wuce. Biyu da minti ashirin motarsa ta tsaya a bakin shinge, kuma ta taga na ga ya yi minti goma cur a ciki, hannu biyu a kan sitiyari. Da ya shigo ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya cika ta dam, gashinsa a jiƙe, an kwantar da shi gefe guda. Marjatta ta dube ni tana tambaya da ido ko mai gyaran wani abu ne. Na ja ta kicin, amma na bar ƙofa a buɗe. Kada ku ce komai, ku ma da sai kun saurara.

"Sannunku, uwargida," ya ce.

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Ba kai ka fara ba."

"Uwata ce. Impi Heikura."

"A hunturun da kifi ya ɓace wata uku ta tafi?"

"I."

Da na leƙa, idonta a rufe suke, hawaye yana gangarawa cikin kunnenta. Na ce a raina shi ke nan, na kashe ta da hannuna.

"Impi," ta ce, tana ɗanɗana sunan. "Na zaci wani nata ne ya rasu a lokacin. Ban kawo ita ce ba." Ta buɗe ido. "Amma na san an yi canji. Kifin ya yi ƙiba, daga baya kuma ya fara ba labaran jirgin ruwa ɗigo uku. Ita ba ta taɓa son jirgin ruwa ba."

"Ku yafe mini," ya ce.

"In yafe maka me? Da ba ka ci gaba ba, da wa zan yi shekara goma sha ɗayan nan? Zauna, kana tare mini haske." Ya zauna a kujerata, ta yi ƙara a ƙarƙashinsa. "Amma na matuƙin nan da ya yi shafi ɗari yana kwance igiya, wannan kam ban yafe ba."

Ya ce ai ƙarshensa ne mai kyau. Ta ce babu ƙarshen da zai wanke shafi ɗari na igiya. Ya ce to ita ma ta ba na 'yan'uwa mata ukun nan ɗigo uku, alhali babu abin da suka yi tun daga farko har ƙarshe sai shan shayi da kallon taga. Ta ce a cikin kallon tagar nan duniya duka take, shi ne bai da ido. Mutumin da na sha wuya kafin na ciro kalma goma daga bakinsa, sai ga shi yana ɗaga hannu yana musu. Na kai musu kofi da burodin kirfa, babu wanda ya san na shigo, babu wanda ya san na fita. Marjatta ta tsaya jikin murhu tana sharar ido da bayan hannu. Ta ce mini ita ba ta taɓa jin muryar uwarta haka ba.

Can ya tambaye ta ko wani abu ya same ta shekara ashirin da suka wuce, da bazara. Ta ce lokacin Eino ya rasu. Ya ce to uwarsa ta gane. Zobe ya ɓace, da ya dawo kuma sai a littattafan baƙin ciki kaɗai ake ganinsa. Impi ta ce Mai Zobe, kamar yadda take kiranta, tana cikin wani hali. Sai ta bi kanta-kanta tana zaƙulo duk littafin ban dariya da ke motar, mai kyau da marar kyau, tana zabga musu ɗigo uku-uku.

"Shi ya sa," in ji Aune. "Littattafan banza ne wasunsu. Na yi ta cewa mutumin nan ya zare." Ta yi dariya har ciwon ya tsayar da ita, ta riƙe ciki, ta jira ya lafa. "Amma na yi dariya a shekarar. Na yi."

Ya ciro hoto daga walat ɗinsa ya miƙa mata. Ta sa tabarau, ta kawo shi kusa da hanci, ta daɗe tana kallo. Kilomita talatin ne tsakaninsu ta kan ruwa, kuma ta ce ba ta taɓa ganin fuskar nan ba, ko a coci ko a kasuwa.

"Ashe gajeriya ce," ta ce. Ta ɗora hoton a ƙirjinta, ba ta mayar masa ba, shi ma bai nema ba.

Da ƙarfinta ya fara ƙarewa, ya miƙe. Ta tambaye shi koren littafin ɗigo nawa. Ya ce saura shafi sittin bai gama ba. Ta ce ya gama, ya sa abin da ya gani, kada ya ƙara ko ɗaya don tausayinta. Ta miƙa masa hannu, ya riƙe shi da yatsa biyu kamar zai karye.

"In na same ta zan gaya mata ka iya karatu yanzu," ta ce.

Ya fita da sauri, har ya kai mota da takalmi ɗaya ba a ɗaure ba.

Na shiga kwashe kofuna. Idonta a rufe, na zaci barci take, sai ta kama mini gefen riga. Ta ce ta gode, kuma ni ɗigo biyu ta ba ni. Na ce biyu kacal, bayan shekara talatin da shida? Ta ce ɗayan ƙaryar ranar Alhamis ce ta cinye shi. Na zauna a bakin gadon na yi kukan da na yi wata guda ina dannewa, ita kuma tana ɗan bubbuga mini hannu tana cewa ya isa haka, zan jiƙa mata bargo.

Daga ranar ba ta ƙara doguwar magana ba. Ta cika ranar Laraba da hantsi, ana yayyafi, Marjatta tana riƙe da hannunta, ni ina kicin ina ɗauraye cokula. Ban ji komai ba sai da Marjatta ta kira sunana sau ɗaya.

Bayan mako biyu da rabi aka yi jana'iza, ranar Asabar. Da fasto ya gama, aka fara ajiye furanni, kowa ya fito gaban akwatin gawar, ya karanta abin da ke katinsa a bayyane, ya ajiye, ya koma. Dangi na kusa su fara, na nesa su biyo baya, kuma a ƙauyenmu babu mai tsallake layinsa. Marjatta da 'ya'yanta suka yi nasu, sai dangin Eino. Daga nan sai maƙwabta, kuma a maƙwabta kowa ya san ni ce ta farko. Na miƙe da furannina, na fito tsakiyar coci. Sai na waiwaya na hango Tapio a bencin ƙarshe, a cikin kwat da ta yi masa kaɗan, yana jiran kowa ya gama.

Na tsaya a wurin ban motsa ba. Mutane suka fara juyowa, wata a bayana ta ce ko jiri ne ya kama ni. Na yi masa alama da kai. Ya girgiza nasa. Na sake yi, irin wadda nake yi wa yaran da suka ƙi cinye abincinsu. Ya taso.

Na matsa gefe ya wuce ni, benci-benci ana raɗa ana tambayar ko dangin wane ne. Ashe damin furanni biyu ne a hannunsa, ƙanana. Ya tsaya gaban akwatin, ya buɗe katin farko, ya sa yatsa a ƙarƙashin rubutun.

"Daga Tapio," ya karanta. Ya sunkuya ya ajiye shi can wajen ƙafa, tare da na sauran mutane.

Ya buɗe na biyu.

"Daga Impi."

Wannan bai ajiye shi a ƙasa ba. Ya zagaya ta wajen kai, ya ɗora shi a kan murfin akwatin, daidai inda kafaɗarta take. Damin ya so ya zame, ya tare shi da tafin hannu, ya gyara masa zama, ya tsaya riƙe da shi har sai da ya tabbata ya zauna.